Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin Lura Daga Akwatin Canjin Wuta

Da wuya ka shiga shagon da ke aiki da lantarki a cikin garin Bauchi ba ka ga wani ɗan akwatin ƙarfe manne a bango ba, da mariƙi a gefensa. Yana nan a shagunan fotokwafi da buga takardu na bakin jami'ar ATBU a Yelwa, yana nan wajen masu sayar da ƙanƙara a Muda Lawal, da masu cajin waya a Wunti, da teloli da masu aski a Gwallameji. Aikinsa bai wuce guda ba. Idan an ɗauke wuta, yaron shago ya ja janareta ya juya mariƙin. Idan an kawo, ya mayar da shi inda yake. Har yau NEPA muke cewa, duk da tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos, wato JED, ke kula da Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai. Kullum ana taɓa akwatin nan, ba mai ɗaukarsa a bakin komai. Alhali yawancin tambayoyin da ke hana injiniyoyin manyan kamfanonin duniya barci a kan ajiyar bayanai suna cikinsa a dunƙule.

Bari mu fara da ita ajiyar. Hoton bikin da ka tura Google, da wasiƙun da ke cikin Gmail ɗinka, da fim ɗin Kannywood da kake kallo a YouTube, babu ɗayansu da ke zaune a kan kwamfuta guda. Ana yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, a watsa gunduwoyin a kan dubban na'urori, sannan a ajiye kundin da ke faɗin inda kowace gunduwa take. Idan ka nemi fayil ɗinka, tsarin ya duba kundi, ya tattaro maka shi cikin ƙiftawar ido, kai kuwa ka ɗauka daga wuri ɗaya ya fito. A 2003 wasu injiniyoyin Google su uku, Sanjay Ghemawat da Howard Gobioff da Shun-Tak Leung, suka wallafa bayanin yadda nasu tsarin yake aiki. A tsarin nasu na lokacin, kowace gunduwa megabait 64 ce, kuma kowacce ana ajiye ta sau uku a kan na'urori dabam-dabam. Daga wannan bayani aka samo tsarin ajiyar Hadoop, wanda Doug Cutting da abokan aikinsa suka gina, ya tsaya da ƙafarsa a 2006, kamfanoni da jami'o'i da yawa suka ɗauke shi kyauta. A shekarar ce kuma Sage Weil na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ya gabatar da wani tsarin ajiyar mai suna Ceph, wanda har yau ake amfani da shi.

Abin da ya bambanta waɗannan mutane da magabatansu shi ne sun daina fatan kada na'ura ta lalace. Sun ɗauki lalacewa a matsayin abin yau da kullum, suka gina a kan haka. Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara faifan ajiya ɗaya ne kacal cikin 100 ke mutuwa a shekara. Mai faifai ɗaya a ofishinsa zai iya shekaru bai ga matsala ba. Mai faifai 10,000 kuwa zai binne 100 a shekara, kusan biyu ke nan kowane mako. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurin ɗan kasuwar Bauchi. Ba wanda ke buɗe shagon ƙanƙara da zaton ba za a ɗauke wuta ba. Tun kafin ya sayi firiza ya san za a ɗauke, abin da yake lissafawa shi ne me zai biyo baya.

Masu wannan sana'a da adadin tara suke auna juna. Tsarin da ke samuwa kashi 99 cikin 100 na shekara, a kunne kamar ya yi ƙoƙari, amma kashi ɗayan da ya rage ya haura kwana uku da rabi. Kashi 99.9 na nufin tsayawar kusan awa tara a shekara. Kashi 99.99 minti 53 ne, 99.999 kuwa minti biyar da 'yan daƙiƙu. Duk tarar da aka ƙara, sai kuɗi da wahala sun ninka. Kuma ba a samun ta da sayen na'ura mai tsada kawai. Ana samun ta ne da tanadin na biyu da zai karɓi aiki idan na farko ya faɗi, da kuma iya miƙa masa aikin ba tare da ɓarna ba. A wajen miƙawar nan ake gane gwani, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin lura na farko: samun na biyu ba ya amfani idan makomarsa ɗaya da na farko. Gidaje da yawa a Bauchi suna da fes uku. Idan wannan ya ɗauke, sai a zare fis a mayar wancan, kuma dabarar tana aiki matuƙar matsalar ta waya guda ce. Ranar da taransifomar unguwa ta ƙone kuwa, duk fes ukun sai su mutu tare, saboda uwa ɗaya ta haife su. Mai fes uku ya zauna a duhu daidai da mai fes ɗaya. Janareta ya fi fes na biyu daraja ne saboda ba ya shan ruwa a rijiya ɗaya da NEPA: shi fetur ne abincinsa, ba ruwansa da abin da ya sami taransifoma.

Arewa gaba ɗaya ta karanta wannan darasi a watan Oktoban 2024. Manyan hanyoyi biyu ne ke shigo da wuta yankin daga babban layin ƙasa. Ɗaya ta taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, ɗayar ta taso daga Ugwuaji a jihar Enugu ta biyo Apir kusa da Makurdi ta hau Jos. Ta farkon ɓata-gari sun riga sun lalata turakunta, kuma rashin tsaro ya hana a gyara da wuri. Arewa ta koma rataye da hanya ɗaya. Da layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi a ranar 21 ga watan, sai jihohi da dama, har da Bauchi, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A takarda hanya biyu ce. A zahiri tun ranar da ta farko ta lalace aka rasa abin komawa, sai dai mutane ba su ji a jika ba sai da ta biyun ta bi sahu.

Shi ya sa tsarin ajiya mai hankali ba ya tsayawa a kan yin kwafi uku, sai ya duba inda zai ajiye su. A ɗakunan adana bayanai ana jera na'urori a kantocin ƙarfe, kowace kanta da wayar wutarta da na'urar da ke haɗa ta da layin sadarwa. Hadoop yakan ajiye kwafi ɗaya a wannan kanta, sauran biyun a wata kantar dabam, don ko kanta guda ta mutu ɗungurungum kada fayil ya ɓace. Manyan kamfanoni sukan wuce nan su raba kwafin a gine-gine dabam, har a garuruwa dabam. Waɗanda suka yi sakaci da wannan sun ga sakamako. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen adana bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, kuma wasu abokan cinikin suka tarar kwafinsu na ko-ta-kwana a harabar da ta ƙone yake. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke kusan lokaci guda a yankin gaɓar Abijan. Kamfanin da ya sayi hanya a kan biyu daga cikinsu ya ɗauka ya yi tanadi, ashe duk ta lungu ɗaya suke bi. Bankuna da masu POS a Najeriya sun san yadda ranar ta kasance.

Abin lura na biyu: ta yaya ma ake sanin na farko ya mutu? A shago akan bar ƙwan fitila ɗaya a layin NEPA, ko a haɗa 'yar jiniya da ke kuka idan an kawo wuta. Wannan ƙwai shi ne mai ba da labari. Na'urorin ajiya ma suna da irinsa, suna kiransa bugun zuciya. A Hadoop kowace na'urar ajiya tana aika wa shugabar tsarin ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa uku, ma'anarsa ina nan da rai. Idan saƙon ya daina zuwa, an san akwai magana. Sai dai duk mai shago ya san ɗaukewar wuta gaba ɗaya ita ce matsala mai sauƙi. Mai wuyar ita ce rabin wuta: ƙwai yana ci ja-ja, fanka tana juyawa da kyar, firiza tana gurnani ba ta sanyi. Ba a ɗauke ba balle ka ja inji, ba a kawo ba balle ka yi aiki, kuma irin wannan wutar ce ke ƙona kaya. Haka na'urar da ba ta mutu ba amma ta yi nauyi, tana amsa gaisuwa tana kasa aiki, ta fi matacciya wahalar sha'ani. Wani lokacin ma lafiyarta ƙalau, wayar da ke tsakaninku ce ta yanke. Daga inda kake zaune ba ka da hanyar bambance wadda ta mutu da wadda muryarta ce ba ta iso ka ba.

Saboda haka ake sa haƙuri cikin lissafi. Hadoop ba ya yanke wa na'ura hukuncin mutuwa sai ta yi shiru na minti goma da rabi, sannan ya fara kwafe gunduwoyinta zuwa wasu wurare don adadin ya koma uku. Da zai yi gaggawa, duk ɗan tsaikon layi sai ya tayar da jigilar bayanai mai yawa da za ta toshe hanya ta jawo sabuwar matsala. Gogaggen mai shago ma idan jiniya ta yi kuka ba ya rugawa ya kashe inji. Yakan ɗan dakata ya ga ko wutar ta zauna, don ya sha ganin an kawo an ɗauke cikin minti biyu. Jinkiri ya yi yawa abokin ciniki ya tafi, gaggawa ta yi yawa a yi ta kai-komo har kaya su lalace. Tsakanin biyun nan ake neman daidaito, kuma babu adadin da ya dace da kowa.

Abin lura na uku shi ne mafi girma, kuma shi ne dalilin ƙera akwatin tun asali. Mariƙinsa ba ya haɗa ka da janareta sai ya fara raba ka da NEPA. Akwai ɗan gurbi a tsakiya inda ba ka tare da kowa. Masu gyaran wuta sun san abin da ke faruwa idan aka yi haɗin gangan aka tsallake wannan ƙa'ida. In an kawo wuta inji yana ci, wuta biyu su gwabza, inji ya ƙone ko gida ya kama. In kuma ba a kawo ba, wutar injin tana iya komawa ta waya ta fita titi, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya da tabbacin layin a mace yake. Wato hatsarin da ya fi rashin wuta shi ne wuta biyu a lokaci guda.

A tsarin ajiya, wannan hatsari yana wajen shugabanci. Mun ce akwai kundin da ke faɗin inda kowace gunduwa take. A Hadoop na farko na'ura ɗaya tak ke riƙe da shi, kuma idan ta faɗi, dubban na'urorin da ke ƙarƙashinta suna nan lafiya da bayanansu amma ba mai iya karanta komai. Sai a jerin Hadoop 2, tsakanin 2012 da 2013, aka samar da mai jiran gado: na'ura ta biyu da ke bin duk abin da shugabar ke rubutawa, a shirye ta karɓa. Nan take sabuwar tambaya ta taso. Idan waya ta yanke tsakaninsu, mai jiran gado ta daina jin bugun zuciya ta ɗauka shugaba ta mutu ta hau kujera, alhali shugabar tana nan tana aiki, me zai faru? Shugabanni biyu ke nan, kowacce tana karɓar rubutu, kundi ya rabu gida biyu. Wannan ta ce an goge fayil, waccan ta ce an ƙara masa shafi. Gyara irin wannan ɓarna ya fi tsayuwar awa guda wahala nesa ba kusa ba.

Maganin da aka samo kashi biyu ne. Na farko rinjaye: ba a naɗa shugaba sai da amincewar fiye da rabin masu zaɓe, shi ya sa ake ajiye su uku ko biyar. Idan su biyu ne kuma waya ta raba su, kowacce rabi ce, ba mai rinjaye. Idan uku ne, duk yadda aka raba su, ɓangare ɗaya ne kawai zai iya samun biyu. Uku suna jure rashin ɗaya, biyar suna jure rashin biyu. A kan wannan ƙa'ida Leslie Lamport ya gina hanyar da ake kira Paxos, wadda Ceph ke amfani da ita, haka ma Raft da Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka fitar a 2014. Na biyu killacewa: kafin sabuwar shugaba ta fara aiki, sai an tabbatar tsohuwar ba za ta iya rubuta ko harafi ba, ko da ta hanyar yanke mata wuta ne daga nesa. Gurbin nan na tsakiyar akwati ke nan, a raba kafin a haɗa.

Wannan na nufin wani lokaci tsarin da kansa zai ƙi yin aiki. Na'urar da ta tsinci kanta a ɓangaren marasa rinjaye takan daina karɓar rubutu, ko da lafiyarta ƙalau. Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bayyana wannan a shekarar 2000: idan layi ya raba na'urori, dole a zaɓi ɗaya, ko a ci gaba da amsa wa kowa a yarda bayanai su saɓa, ko a tsare daidaiton bayanai a ce wa wasu su jira. Ga adadin masu son hoto a Facebook, saɓani na ɗan lokaci ba komai ba ne. Ga kuɗin asusu ko takardar fili ko sakamakon gwajin jini, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai inda misalin akwatin ya gaza, kuma wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Wuta ba ta da tarihi. Ta janareta da ta NEPA duk wuta ce, fanka ba ta tambayar daga ina ta zo. Bayanai kuwa suna da jiya da yau. Mai jiran gado ba ta da amfani sai tana riƙe da abin da aka rubuta har zuwa daƙiƙar ƙarshe. Masu buga wa ɗalibai kundin kammala karatu sun san ɗanɗanon wannan: a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin inji, kwamfutar da ba ta da batirin UPS takan mutu, kuma wutar da ta dawo ba ta dawo da shafukan da ba a adana ba. Don haka tambaya biyu ce kullum. Minti nawa za a yi kafin aiki ya dawo, kuma aikin minti nawa za a rasa? Idan ana so kada a rasa komai, sai kowane rubutu ya jira har kwafi na nesa ya amsa cewa ya samu, wannan kuwa yana rage sauri. Idan an fi son sauri, a yarda na nesa yana ɗan baya.

Kamfanin GitHub, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, ya gamu da wannan a 21 ga Oktoban 2018. Ana cikin canja wata na'urar sadarwa sai layi ya yanke na daƙiƙa 43 kacal a cibiyarsu ta gabashin Amurka. Tsarin miƙa aiki ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya mayar da shugabancin ma'ajiyar bayanansu cibiyar yammacin ƙasar. Sai dai akwai rubutun 'yan daƙiƙu a gabas da bai kai yamma ba, yamma kuma ta fara karɓar sabo. Kowane ɓangare ya riƙe abin da ɗayan ba shi da shi. Kamfanin ya zaɓi tsare bayanan mutane a kan saurin dawowa, kuma sai da aka shafe awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita. Yankewar da ba ta kai minti guda ba ta ci yini da kwana, kuma na'urar ceton ce ta faɗaɗa ta.

Sai abin lura na ƙarshe, wanda ya fi shafar mu. Janaretan da ya yi wata uku a ƙulle ba a tayar ba, ranar da aka buƙace shi sai a tarar fetur ya lalace, ko fulogi ya yi datti, ko igiya ta tsinke a ja na biyu. Tanadin da ba a gwada ba zato ne kawai. A 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge bayanai kusan gigabait 300 daga babbar na'ura yana zaton a kan ta biyun yake. Kamfanin yana da hanyoyin tanadi har biyar. Da aka juya gare su, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, kuma aikin awa shidan ya tafi. Labarin yana ɗauke da wani gargaɗin: kwafin da ke bin na farko sau da ƙafa yana kare ka daga mutuwar na'ura ne kawai. Idan kuskure aka yi, ko manhajar 'yan damfara ta kulle fayiloli, cikin biyayya zai kwafi ɓarnar ita ma. Dole a sami wani kwafin na jiya da na makon jiya, a ajiye a gefe inda hannun yau ba ya kaiwa. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta gane haka a Satumban 2025, lokacin da gobara a cibiyar bayananta ta Daejeon ta tsayar da ɗaruruwan ayyukan hukuma, ta kuma cinye wata ma'ajiyar fayilolin ma'aikata mai terabait 858 da ba ta da kwafi a wani wuri.

Gaskiya ne duk wannan kuɗi ne. Kwafi uku na nufin sayen faifai uku don ajiye abin faifai ɗaya. Shi ya sa Hadoop 3, da ya fito a ƙarshen 2017, ya zo da wata dabarar lissafi: a raba bayani kashi shida, a ƙara kashi uku na gyara, ta yadda ko uku cikin taran sun ɓace za a iya sake gina su. Ƙarin wurin da ake buƙata ya sauko daga ninki biyu zuwa rabi, amma sake ginawar tana cin lokaci da ƙarfin na'ura. Ba abin da ke zuwa kyauta. Hikimar ita ce mutum ya san abin da ya cancanci wane tanadi. Mai shago ma ba ya ɗora duk kayansa a kan inji, yakan zaɓi firiza da fitila ya bar sauran.

To ina ruwan mutumin Bauchi da duk wannan, tunda ba shi da na'ura dubu? Ruwansa shi ne rayuwarmu ta koma cikin fayil ba mu ankara ba. Makarantu masu zaman kansu suna riƙe da sakamakon ɗalibai na shekaru a kwamfuta. Masu ɗaukar hoto suna riƙe da bukukuwan mutane. Shagunan magani da asibitoci da ofisoshi suna da bayanan da idan suka ɓace ba mai iya haddace su. A wurare da yawa duk wannan yana kan kwamfuta ɗaya, kwafin kuma yana cikin filashin da ke maƙale a jikinta, ko a aljihun teburin da take kai. Fes uku ke nan a taransifoma ɗaya: ɓarawo ɗaya, ko gobara ɗaya, ko tsawa ɗaya ta damina ta isa ta kwashe duka. Wanda kuma ya mayar da komai intanet ya huta, ya tuna yawancin cibiyoyin adana bayanai na ƙasar nan a Legas da Abuja suke, wasu bayanan ma a Turai suke, kuma tsakaninsa da su akwai waya mai tsawon ɗaruruwan kilomita da ke bin gefen titi, wadda katafilar masu aikin hanya ke iya tsinkewa. Komai lafiyar ajiya a can, idan hanyar ta yanke, a wurinka babu ita. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa mai sauƙi ce: kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Kada kuma a manta da mutum. Akwai shagon da yaro ɗaya ne ya san lagon injin, ranar da ya tafi ƙauye biki sai a rufe. Akwai ofishin da ma'aikaci ɗaya ne ya san kalmar sirri da inda kwafi yake, kuma shi ma ɗan Adam ne, yana rashin lafiya, ana yi masa canjin wurin aiki, yana mutuwa. An sayi na'ura biyu an bar ilimin a kai ɗaya. A rubuta matakan a takarda, a koya wa mutum na biyu, a bar shi ya yi da hannunsa ana kallo.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da alhakin bayanan wasu a wuyanka, ko shugaban makaranta ne kai, ko mai shago, ko jami'in da ke sa hannu a kwangilar sayen kwamfutoci, kada ka gamsu da jin cewa akwai na biyu. Tambayi inda yake, da abin da ya haɗa shi da na farko. Tambayi wa ke yanke hukuncin komawa kansa, da abin da zai hana su aiki tare su ɓata kundi. Tambayi kwafin na yaushe ne. Sannan ka sa rana cikin wannan watan, lokacin da ba ciniki, ka kashe babbar kwamfutar da gangan, ka ce a fito maka da fayil ɗin makon jiya daga kwafi. Idan ya fito, ka maimaita gwajin duk bayan 'yan watanni. Idan bai fito ba, ka gode wa Allah da ka gano yau, ka gyara tun asalin yana hannunka.